Ɗakin Jikana a Kwamfutar Malam

Ni ban yi karatun boko ba, ko sunana aka rubuta sai an nuna mini zan san nawa ne. 'Yata ce take rubuta wannan, ina faɗa tana rubutawa, kuma na ce da ita kada ta gyara mini magana ko da maganar ta taɓa yayanta. Idan na yi kuka ta jira ni. Tun da Malam ya rasu, Allah ya jiƙansa, kuka ba ya neman izinina.

Malam, mijina, akawu ne a wani shagon kayan gini a Dei-Dei. Shi ke rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, siminti da rodi da kwanon rufi. Da ya ajiye aiki, mai shagon ya bar masa tsohuwar kwamfutar da yake aiki da ita, irin ta ninkewa, ya kawo ta gida. A lokacin an riga an rushe mana gidanmu na Karmo. Gida ne da muka gina ɗaki bayan ɗaki, har Malam ya ware fili a baya ya ce na jikoki ne. Wata safiya aka shafa jan fenti a bango, ba a daɗe ba motar rusau ta zo. Muka koma haya, ciki da falo, yara kowa ya kama gabansa.

Ranar sunan jikarmu ta fari, bayan jama'a sun watse, Malam ya kira ni ya ce in zauna kusa da shi. Ya buɗe kwamfutar, ya ɗora hannuna a kan maus, wanda shi yake ce wa ɓera, ya ɗora nasa hannun a kan nawa. Ya ce, "Tunda ba mu da filin gina mata ɗaki, bari mu gina mata a nan. Ke za ki buɗe, ni aikina rubuta suna."

Na ce, "Malam, ni ina na san wannan abu?"

Ya ce, "Taɓa masa kunnen dama kawai."

Na taɓa. Wani jerin rubutu ya fito, dogo. Ya ja hannuna ƙasa zuwa wani layi mai ɗan tsinin kibiya a gefe, wani jerin ya fito daga cikinsa, a samansa akwai hoton wata 'yar jaka ruwan ɗorawa. Na danna, sai ga ta a fuskar kwamfuta. Yara suna ce mata folda, mu kuwa ɗaki muke cewa. Malam ya rubuta sunan yarinya, ya zuba hotunan suna a ciki.

Haka muka riƙa yi wa kowane jika, kuma a ranar suna, ba kashegari ba. Ya jera ɗakunan yadda ya so ya gina su, na 'ya'yan namiji a dama, na 'ya'yan mata a hagu. Ba na iya karanta sunayen, amma na san ɗakin kowa da inda yake zaune, kamar yadda nake sanin tukwanena. Wannan kaɗai na iya a kwamfuta, kuma na iya shi sosai.

Malam ya rasu da damina. Ina cikin takaba ban ko kalli inda kwamfutar take ba. Ɗana, babbansu, wanda yake aiki a wata ma'aikata, ya ɗauke ta ya ce zai nemi wasu takardun mahaifinsa. Da ya dawo da ita ya ce, "Inna, na share miki ita, yanzu gudu take kamar sabuwa." Na ce Allah ya yi albarka. Ban tambaye shi me ya share ba.

Bayan na fita takaba matarsa ta haihu, namiji. Shi ne jika na farko da Malam bai gani ba. Ana gobe suna na ce bari in gwada hannuna, kada in je gaban mutane in rikice. Na kunna, na ga ɗakunan duk suna nan. Na taɓa kunnen dama. Jerin ya fito, amma ya gajarce. Na ja hannu zuwa inda na saba, babu layin mai kibiya. Na ce ko idona ne, na goge ido, na sake. Na danna abin da ya zauna a wurinsa, sai wani babban allo ya rufe komai, gabana ya faɗi, na zaci na ɓatar da jikokina gaba ɗaya. Na rufe kwamfutar na zauna ina kuka ni kaɗai.

Da ɗana ya zo ɗaukar manyan tukwane na nuna masa. Yana tsaye, makullin mota a hannu, ya leƙa ya ce, "Au, wannan ne? Ai ba matsala ba ce, Inna." Ya danna wasu madannai tare da yatsunsa, sai ga 'yar jaka ta fito. Ya ce, "Ga shi nan."

Na ce, "Wa ya ce ka buɗe?"

"Ba folda kike so ba?"

"Cire ta."

"Inna, wallahi duk ɗaya ne."

"In duk ɗaya ne, me ya sa ubanka bai yi hakan ba? Shi bai san madannai ba ne? Cire ta na ce."

Ya cire, yana girgiza kai. Ya ce to ya koya mini madannan in yi da kaina. Na dubi baƙaƙen nan, duk kamarsu ɗaya a idona, kuma wai sai na danne su a lokaci guda da waɗannan yatsun masu sanyin ƙashi. Ya ce to a kwafi ɗakin wani jikan a kwashe hotunan ciki a sa na jariri. Na ce yaron da bai ga kakansa ba, shi ne kuma za a ba ɗakin aro? Ya ce yanzu ai kowa a waya yake ajiye hotuna. Na ce ya ɗauki tukwanensa ya tafi.

Ranar suna na tafi da kwamfutar a jaka, ina sa ran wani cikin abokansa zai duba. Kowa na hidimar rago da shinkafa. Wanda na tsayar ya ce sai an natsu, wani ya ce wataƙila ƙwayar cuta ce ta shige ta, ya wuce. Aka raɗa wa yaro sunan Malam. Mata suna guɗa, ana miƙo mini shi ana cewa ga angonki ya dawo, ni kuwa ina dariya da baki, jakar tana jingine a ƙafata. Har rana ta faɗi ban buɗe masa ɗaki ba. Wannan ranar ta wuce, ba kuma za a dawo mini da ita ba.

Na dami ɗana da waya har ya gaji ya kai ni Wuse, wani bene da masu gyara suka cika. Hawa matakalar kaɗai ya isa hukunci. Mai gyaran da muka samu ba Bahaushe ba ne, amma yana jin Hausa irin ta garin nan. Ya taɓa nan ya taɓa can, ya ce da ɗana, "Oga, wannan kwamfuta ya tsufa. Sai fomatin."

Na ce, "Mene ne fomatin?"

Ya ce, "Mama, za a share komai, a sa sabo. Hoto ba zai ɓata ba, zan kwashe a filash, in gama in mayar."

"Ka mayar kowanne inda yake zaune?"

"Zai dawo dai. Wuri ba komai ba ne, Mama."

Haka aka ce mana a Karmo, ku kwashe kayanku, wuri ba komai ba ne. Na miƙa hannu na rufe kwamfutar a kan yatsunsa, ya janye da sauri. Ya ce, "Mama ya yi fushi." Na ce ƙwarai kuwa. Layi ɗaya ne ya ɓace, ba a rushe gida saboda ƙofa ɗaya ta ɓalle.

A mota ɗana ya yi ta faɗa. Ya ce ya bar ofis saboda ni, na kunyata shi a gaban mutane, kuma duk a kan abin da ba ya ci ba ya sha. Na bar shi yana ta yi har muka fita daga cunkoson tasi-tasin Wuse. Sannan na ce, "Da me ka share ta?"

Ya ce wata manhaja ce ta share tarkace, kowa na amfani da ita. Ta nuna masa abubuwa da yawa ta tambaya ko ta cire, ya ce ta cire duka.

"Ka karanta abin da ta nuna maka?"

Ya kafa ido a kan titi.

Na ce, "Ni da ban iya karatu ba, ba na zubar da ƙullin da ban kwance ba. Kai da ka iya, ka ce a cire duka."

Ya sauke ni ya juya mota ko sallama babu. Ni ma ban ce ya gaida gida ba, abin da ban taɓa yi ba.

Kwanaki suka wuce. Na je ganin jariri, na ɗauke shi na yi masa wasa, amma raina a ƙuntace. Duk safiya sai na kunna kwamfutar na taɓa kunnen dama, ko Allah zai sa layin ya dawo da kansa. Gefen dama na fuskar kwamfutar, ƙarƙashin ɗakin yayar jaririn, wurin yana nan fayau. Maƙwabciyata ta ce in bar wa Allah. Na ce ai na bar masa Malam, wannan kuwa hannun mutum ne ya ɓata, hannun mutum zai gyara.

Wata Asabar da hantsi ɗana ya yi sallama, babu makulli a hannu. Ya cire hula ya zauna a tabarma, ya jawo kwamfutar, ya jingina wayarsa a jikin kofi yana karanta bayani. Ya ce akwai wani wuri can ciki da ake kira rajista, inda kwamfuta take ajiye ƙa'idojinta, kuma manhajar ta goge layin da ke cewa a nuna wannan zaɓin. Sai an sake rubuta shi da hannu. Ya ce kafin ya taɓa komai zai ajiye kwafin yadda take, ko da zai yi kuskure. Na ce da ka yi wannan tunanin tun farko.

Ya ce, "Inna, ki bari in yi aiki mana."

Ya buɗe wani allo mai rubutu ƙanana kamar tururuwa. Ya shiga nan ya shiga can, ya rubuta wani dogon layi na baƙaƙe da lambobi, yana duba waya yana duba allo. Ya kashe ya kunna. Ya ce in gwada. Na taɓa, babu komai. Ya yi tsaki, ya koma, ya ga ashe a wani reshe daban ya sa shi. Yana cikin gyarawa aka ɗauke wuta, batirin tsohuwar nan kuwa ba ya riƙe ko na shan ruwa. Muka zauna muna kallon juna, gumi na zuba. Na dama masa fura don kada ya ce zai tafi.

Da aka kawo wuta ya ƙarasa. Na taɓa, sai ga layin mai kibiya. Na yi hamdala da ƙarfi, na ja hannu, jerin na biyu ya fito, amma babu 'yar jakar a samansa. Wasu hotuna ne farare da shuɗaye da ban san su ba.

Ya ce, "To ai ya dawo."

Na ce, "Ƙofa ta dawo, ɗaki bai dawo ba."

Ya riƙe kai da hannu biyu. Na zaci zai tashi. Sai ya sake ɗaukar waya, ya ce ashe ita ma folda da nata layin daban, shi ma an goge. Ya sake shiga cikin tururuwar nan, ya daɗe, har aka kira azahar ya je masallaci ya dawo. Ya kashe ya kunna, ya turo mini kwamfutar.

Na kai kibiyar ƙarƙashin ɗakin yayar yaron. Wannan karon babu hannu a kan nawa. Na taɓa kunnen dama, na sauka, na shiga, ga ta nan ruwan ɗorawa a sama. Na danna. Ta fito daidai inda nake so, wurin suna ya yi shuɗi yana jira.

Ɗana ya matso da yatsunsa kan madannai, ya ce, "To Inna, faɗi sunan in rubuta."

Ya san abin da yake yi. Tun da aka kai ni gidan Malam ban taɓa kiran sunansa da bakina ba, ba kuma zan fara yanzu da ba ya nan ba. Na ce, "Kai dai ba ka da kunya. Sunan ubanka ne za ka tambaye ni?" Ya yi dariya. Ya rubuta, ya zuba hotunan daga wayarsa. Muka buɗe na farko, ga yaron a hannuna ranar suna, ga jakar a ƙafata. Na yi kuka, shi ma ya juya kai wajen taga.

Na buɗe wa jikana ɗakinsa da hannuna, amma a makare, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. 'Yan'uwansa duk a ranarsu aka yi musu, shi sai da cibiyarsa ta warke. Ɗana ya ce yaro ba zai taɓa sani ba. Ni na sani.

Yanzu kwamfutar tana cikin akwatina, makullin yana ɗaure a bakin zanena. Wannan da take rubutawa cikinta ya tsufa, haihuwa yau ko gobe. Ta ɗago kai yanzu tana cewa in ba ta aron kwamfutar ta buga wannan labarin a ciki, wai zai fi kyau. Na ce ta rubuta a takarda, in ta sauka lafiya ta ga kwamfutar ranar suna.