Reshen da Yayana Zai Hau

Jiya na bi ta wajen masu tsaga katako, ƙanshin ɗanyen itace ya buge ni, sai na tuna lokacin da nake aji biyar na firamare.

A bakin filin ƙwallon kwalejin maza da ke kan hanyarmu ta Kibiya akwai wani tsohon maɗaci. Kakata ta wajen uba tana kasa gyaɗa da rake a gindinsa, ni kuma in an tashi daga makaranta nakan zauna gefenta. Ita ke sassaƙo ɓawonsa ta jiƙa a ƙwarya, 'yan wasa su kurɓa kafin su shiga fili, wai yana hana sanyin gwiwa. In suka yi nasara, kyaftin zai hau babban reshen da ya miƙa kan fili ya ɗaura ƙyalle. Wasu ƙyallayen tun na zamanin babana ne. A shekarar nan yayana ne kyaftin.

Damina ta yi nisa, ko'ina kore shar, amma rabin maɗacin ya ƙi fitar da ganye. Ni mai yawan sunkuyar da kai ce, shi ya sa na riga kowa ganin wani gari mai laushi, kamar na dawa, yana zubowa kan tiren kakata. Na lura sassaƙen ya zagaye gindin, babu sauran ɓawo ko faɗin tafin hannu. In iska ta taso, reshen nan yakan yi ƙara irin ta tsohuwar ƙofa.

Saura kwana uku a buga da 'yan Rano na kasa cin tuwo. In na ga yayana yana wanke takalmansa yana fito, sai in auna tsayin reshen a raina. Ya fi soron gidan mai gari. Wa zan faɗa wa? Malamai ko ido ba na iya haɗawa da su. Kakata kuwa, in na yi magana, tamkar na ce mata ita ta kashe bishiyar.

Ranar wasan, bayan la'asar, aka zura wa 'yan Rano ɗaya. Yara na ta buga gwangwani, ni ina roƙon Allah a cikin zuciyata ya sa su farke. Har yau yayana bai san na yi wannan addu'a ba. Ba su farke ba. Aka ɗauko shi a kafaɗa, ƙyallen a bakinsa, aka nufo mu.

Na kama gefen zanen kakata. "Kaka, kar ya hau."

"Me kika ce, uwar shiru? Ni ba na jin kukan sauro."

Na ɗebi garin na zuba mata a hannu, na nuna sama. Ta murza, ta shinshina, sannan ta juya ta dubi gindin da wuƙarta ta yi shekaru tana bi. Ta daɗe tana dubansa. Sai ta miƙe ta jingina bayanta da bishiyar.

"Maigida, yau babu hawa," ta ce wa yayana.

"Haba tsohuwa, matsa mana, ga baƙi na kallo."

"Sai dai ka taka ni."

Jama'a suka fara gunaguni. Malamin wasanni ya sa kowa ya ja baya, ya cilla igiyar raga ta zarge reshen. Yara huɗu suka ja, sau ɗaya tak. Ƙarar faɗuwarsa na ji ta har a haƙorana. Cikinsa duk gari ne da gara. Yayana ya cire ƙyallen daga bakinsa ya zauna a ƙasa.

Kafin lokacin girbi aka sare bishiyar. Tsofaffin ɗalibai suka dasa 'ya'yan maɗaci uku, aka kewaye su da ƙaya. Kakata ba ta ƙara ɗora wuƙa a jikin itace ba. Duk rani ita ke kai musu ruwa a tulu, har ƙafa ta gagare ta.

Yanzu sun wuce rufin aji, an kuma koma ɗaura ƙyalle. Da na je gida bana na tsaya a wurin, sai na ga sabon sassaƙe a jikin na tsakiya, fari tas, ruwansa bai ma bushe ba. Ɗan yayana shekararsa tara, ba ya rabuwa da ƙwallo. Na daɗe a ƙofar ofishin shugaban makarantar kafin na yi sallama don in faɗa masa.