Fuskar da tina ta cinye

Zanen mota nake yi a bakin tashar Birnin Kebbi, lokacin muna ƙarƙashin Sakkwato. Wani direban Argungu, ƙato mai dakon busasshen kifi, ya kwance ƙyauren bayan motarsa ya dire mini. A jikin ƙyauren akwai zanen masunci bisa gora, homar kamun kifi a hannu. Hayaƙi da man kifi sun turnuƙe shi, da ƙyar ake ganin idanun.

Ya ce, "Wana ne, wanda ruwa ya ci. Ba ni da hotonsa sai wanga. Wanke min za ka yi, kar ka ƙara ko ɗigo."

Na kwantar da ƙyauren a ƙasa, na kama bi da auduga da kananzir, a hankali. Kananzir na ɗauke dauɗa ya bar fenti. Tina kuwa, wadda muke wanke buroshi da ita, ba ta san kowa ba. Shi gogan naka yana tsaye kaina yana tsaki. Direba ai komai da fetur yake dirjewa, nan take ya ga haske.

Na je alwala. Ina dawowa na tarar ya tsoma tsumma cikin gwangwanin tina, ya riga ya share rabin goran. Ban tsaya magana ba, na kwaɗa masa buta a wuyan hannu.

Kai! Ya shaƙe ni ya maka ni da jikin mota. Na gantsara masa cizo, ya ba ni gwiwa a ciki, ya bi da naushi har haƙorina ya fita. Ina tofar da jini ina ihu, "Gwangwanin, ɗan banza, gwangwanin!" Ko a jikinsa. Muka zube muna birgima, ƙafar wani cikinmu ta shure shi. Wallahi har yau ban san ta wa ba ce.

Warin ne ya raba mu. Tinar ta malale fuskar, fentin ya tattare yana gangarowa. Direban ya rarrafa ya kifa tafinsa a kai don ya tare, yana ta kiran sunan wansa. Haushinsa nake ji, amma sai da na yi hawaye.

Da ya ɗaga hannun, katako ne fari fat a wurin. Ya ƙi yarda kowa ya zuba masa ruwa ya wanke tafin.