Ranar da Na Ƙi Riƙe Fim da Yatsana

Ni 'yar Chinade ce, 'yar makiyayi. A lokacin da wannan abu ya faru ina amarya, na gama karatun kula da tsaftar haƙori, ina koyon ɗaukar hoton haƙori a wani asibitin kuɗi a Azare. Kullum da safe nakan hau babur in taho. Ni mai kunya ce ta sosai, irin wadda ko sunan mijinta ba ta faɗa, kuma wannan kunyar ce ta jefa ni cikin abin da nake rubuto muku.

A makaranta an ja mana kunne: a sa wa majinyaci rigar dalma mai tare hasken na'urar hoto, a maƙala fim ɗin da hoton ke fita a kansa a ɗan mariƙinsa na roba ya ciza, mai ɗauka ya koma bayan bango sannan ya danna na'urar. Dalili shi ne hasken na'urar yana da illa in ya yawaita: majinyaci sau ɗaya zai taɓa shi, mu kuwa kullum muna ciki. Amma dattijon da yake koya mini, wanda kowa ke kira Malam, ya ce wannan karatun takarda ne. Mutanenmu na karkara ba sa zama tsit, in ji shi, sai ka danne fim ɗin da yatsa a cikin bakinsu, wani ya danna maka. Na bi shi. Sannan na gane ina da ciki, cikin fari, wanda a gidanmu ba a furta shi ko a gaban uwa, sai ya nuna kansa. Na yi wata biyu cur ina tura yatsana a bakin mutane, hasken yana bi ta kaina, ina komawa gida da fargaba. Na san abin da nake yi, kuma wannan ne laifina, ban ɗora wa kowa ba.

Wata ranar kasuwa aka kawo wani tsoho daga wajen Sakwa, kumatu a kumbure. Malam ya ce in riƙe. Na ce ba zan riƙe ba. Na buɗe durowa na zaro mariƙin da ya daɗe a jibge, na tsaftace shi, na lallaɓa tsohon da Fillanci ya ciza, na koma bayan bango na danna. Hoton ya fito tas, ga baƙin tabon mugunya a ƙasan saiwar haƙorin. Maimakon Malam ya ji daɗi, sai ya kai ƙarata wurin likita mai asibitin, wai ina ƙyamar bakin mutanen ƙauye, kuma ba zai sa hannu a takardar kammala koyona ba. Ni da ubana ke bin shanu! Abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

Likitan kuwa aminin surukina ne. Ya tambaye ni dalili, Malam yana zaune. Na ga ranar wanka ba a ɓoyon cibi, na ɗaga kai na faɗa masa ina da ciki, na ƙara da cewa ko ba ni da shi ba zan sake riƙewa ba, don ba haka aka koya mana ba. Sai ya hana riƙe fim da hannu daga ranar, ya sa wa takardata hannu da kansa. Kafin sati labari ya kai Chinade. Inna ta ce na zubar musu da mutunci, ta yi kwanaki ba ta amsa gaisuwata. Na ba ta haƙuri don uwa ce, amma ban ce na yi kuskure ba.

Allah Ya sauke ni lafiya, yarinyar tana firamare yanzu. Duk da haka har yau wata biyun nan suna ci mini rai. 'Yan'uwana masu wannan aiki, furfura ba ta mai da ganganci ilimi, kuma hasken na'ura bai san kunyar ɗan fari ba. Ku koma bayan bango. A ce miki fitsararriya ya fi ki zauna kina ƙirga yatsun jaririnki kamar yadda na yi.