Tsohon da Ba Ya Sayar da Famfo Sai Ya Ga Inji

Kullum ƙarfe bakwai yake ɗaga ƙofar shagonsa, ya share gaban kanta, ya goge kayan gyaran mota ɗaya bayan ɗaya da tsumma, sannan ya zauna a kan wata tsohuwar kujerar mota. Shekara arba'in ke nan yana sayar da kayan tsofaffin a-kori-kura masu ja da ƙafa huɗu. 'Yan layin gareji suna kiransa Baba Wane-Inji, domin ko bel ka zo saye sai ya yi maka wannan tambayar. A ido motocin jiki ɗaya ne, amma wata fetur take sha, wata dizal, kuma kayan wannan ba sa yi wa waccan aiki ko da sun zauna daram.

Akwai wani direba da har yau in aka ambaci tsohon sai ya sunkuyar da kai. Shi ke kai magani ƙauyuka a motar wani mai shagon magani, kuma da aikin yake ciyar da gidansa. Wata rana famfon da ke zagaya ruwa a injin ya mutu, ya zo shagon tsohon da takardun motar ya shimfiɗa a kan kanta.

"Kawo motar in leƙa," in ji tsohon.

"Ga takarda, Baba, an rubuta komai."

"Ɗana, ana sauya wa irinsu inji. Famfon biyu ne masu kama ɗaya, amma ɗaya dama yake juyawa, ɗaya hagu."

Direban yana sauri, ga mutane suna kallo. Sai ya ce, "Ka dai ce ba ka iya karatu ba kawai."

Mu da muke wurin muka yi dariya, kuma ina jin kunyar rubuta wannan. Tsohon ya naɗe takardun ya miƙa masa.

Direban ya saya a wani shago bisa abin da takarda ta ce. Noti huɗu suka shiga lafiya lau, amma famfon bai tura ruwa ba, don tuni mai motar na farko ya sauya injin. A wani hawa lagireto ya tafasa, motar ta tsaya da magani a baya. Maigidansa ya iso a fusace, ya rantse in injin ya ƙone aikin direban ya ƙare.

Suna nan tsaye sai ga tsohon a bayan babur, da famfon da ya dace a cinyarsa. Labari ya ji, ya gane ɗaya famfon injin ke buƙata, ya rufe shago. Kai ne, Baba, ka durƙusa da gwiwar da ke maka ciwo ka ɗaura shi da hannunka. Da maigidan ya tambayi laifin waye, cewa ka yi, "Takarda ce ta tsufa, Alhaji, kowa zai iya faɗawa." Direban kuwa yana ji.

Injin ya tashi, aiki bai tafi ba. Amma shekara huɗu direban yana zagaye layin nan ta baya, don ba shi da idon haɗawa da tsohon.

Makon jiya aka ce Baba zai bar shago, ido ya yi rauni. Direban ya zo ya tsaya a bakin kanta, hularsa a hannu.

"Baba, ni ne na ce ba ka iya karatu ba. A gaban mutane na faɗa, a gabansu nake neman gafara."

"To ai ba ƙarya ka yi ba, har yau ban iya ba," in ji tsohon yana dariya. "Abin da ya yi min ciwo, ka daina zuwa. Na ɗauka ni na yi maka laifi."

Direban ya rufe fuska da hular.

Baba, mun gode, Allah ya saka da alheri, ya ƙara lafiya. Ku kuma masu tsayawa bayan kanta, ku koyi tambaya kafin ku miƙa kaya, ku koyi rufa asirin wanda ya kunyata ku. Mu da muka yi dariya ran nan, har yanzu ba wanda ya je ya ba shi haƙuri a cikinmu, kuma Asabar zai miƙa makullin shagon.