Ɗan Kwikwiyon da Nura Ya Ci a Ƙuri'a

Gidanmu na Doka gidan gwamnati ne, irin wanda ake ba ma'aikata, da kicin a ciki da murhun gas. Amma tun da Iya, mahaifiyar Baba, ta baro Rigachikun ta dawo wurinmu, ta ce ita tuwon da bai sha hayaƙi ba bai dahu ba. Aka kafa mata 'yar rumfar kwano a bayan gida, ta girka murhunta na dutse, ta ajiye kujerarta 'yar tsuguno. Da damina, idan an yi sallar magariba an ci abinci, can muke tarewa ni da ƙanena Nura. Tana gasa mana masara, ruwa yana bugun kwano, ita kuma tana jan mu da hira har sai ta ga mun natsu. Sannan ta gyara ɗaurin kallabinta ta ce, "To, ga wata nan tafe, ku matsa mata wuri." Mu ce, "Ta shigo, mun matsa."

Nura yana aji biyu a lokacin, ni ina aji biyar. Yaro ne mai in'ina. Kalma takan maƙale masa a baki har idonsa ya kawo ruwa, shi ya sa bai cika magana ba, kuma ba shi da abokai sosai. Iya ce kaɗai ba ta taɓa ƙarasa masa magana. Takan ce, "Maigidana, ja numfashi, ba inda za ni."

Wata shekara makarantarmu ta shirya taron tara gudummawa don wani gidan marayu. An yi tseren buhu, an yi jifan gwangwani, sannan aka zo babban abin da kowa yake jira, wato ƙuri'a. Ka sayi tikiti a rubuta sunanka a jefa a bokiti, daga baya a zaro. Iyayen yara ne suka kawo kyaututtukan, kowa da abin da ya samu a gidansa ko shagonsa. Baba bai so abin ba, ya ce ƙanwar caca ce, amma Umma ta ce ai don marayu ne, ta saya mana tikiti ɗai-ɗai.

Babu wanda ya tsaya ya yi tunanin cewa yara ne za su ci. Wata 'yar ajinmu ta ci tayar mota, ta tsaya a gabanta kamar za ta yi kuka. Wani yaro ya ci turmin atamfa, wani ya ci dutsen guga. Ana ta dariya. Can aka ɗago wani kwali mai huji-huji, wanda wani likitan dabbobi da 'ya'yansa ke makarantar ya kawo, aka zaro takarda aka kira sunan Nura.

Ɗan kwikwiyo ne a ciki, ja-ja, da farin tabo a goshi. Shugabar makarantar ta san irin gidan da muka fito, nan take ta sunkuya ta ce masa, "Nura, ka kawo shi in musanya maka da wannan jakar makaranta, ka ga sabuwa ce." Sai ya rungume kwalin da hannu biyu. Haka muka taho gida, shi a gaba, ni a baya.

Baba ba mutum ne mai faɗa ba. Ya leƙa kwalin, sannan ya ce, "Nura, ka san ba ma ajiye kare a gida. Nan muke salla, nan muke karatu." Nura ya buɗe baki zai yi magana, kalmar ta ƙi fita. Iya ce ta taso daga rumfarta. Da yake Baba ɗanta ne na fari, ba ta kiran sunansa. Ta ce, "Kai, bayan gida ai ba ɗaki ba ne. A bar shi wurina tukuna, in aika wa Sale a Rigachikun, yana neman mai tsare masa awaki." Sale ƙanenta ne. Baba ya ce to, amma kada abin ya daɗe.

Nura ya raɗa masa suna Tikiti. Da asuba kafin ya tafi makaranta yana bayan gida, in ya dawo ko riga ba ya cirewa. Iya ta ware wa karen wani tsohon kwano, ta koya wa Nura yadda zai wanke hannunsa bayan ya taɓa shi. Wata rana na je ɗibar garwashi na ji murya a bayan rumfa, wani yana ba da labari tiryan-tiryan babu gargada. Na leƙa, sai na ga Nura ne, yana gaya wa Tikiti abin da ya faru a aji. Ko sau ɗaya harshensa bai sarƙe ba. Na juyo na ga Iya tana kallona, ta ɗora yatsa a leɓenta.

Da saƙon Kawu Sale ya iso cewa a kawo karen, a yammacin nan Iya ta yi mana tatsuniyar da har yau ban manta ba. Baba yana zaune a ƙofar kicin da rediyonsa, nesa kaɗan da mu. Iya ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba.

Ta ce a wani gari ne aka yi gobara, gidaje suka ƙone. Mutanen gari suka ce kowa ya kawo abin da yake da shi a rufe cikin ƙwarya, wanda ya ba da damin hatsi don waɗanda suka yi asara, sai ɗansa ya zaɓi ƙwarya ɗaya. Wani masunci bai da abin bayarwa, sai ya kamo ɗan kada ƙarami kamar ƙadangare ya rufe. Ɗan wani manomi ya zaɓi wannan ƙwaryar. Yaron ya so ɗan kadan nan kamar ransa. Ya sa shi a tulu, ya fi ƙarfin tulu. Ya mai da shi randa, ya fasa randa. Ya zura shi a rijiyar gida, aka rasa mai iya jan ruwa. Uban ya ce gobe zai sa a fitar da shi. Da yaron ya leƙa rijiya yana kuka, sai kada ya ce masa, "Daina kuka. Ni ban yi laifi ba da na zama kada, kai ma ba ka yi laifi ba da ka so ni. Wanda ya rufe ƙwarya bai tambayi hannun da zai buɗe ba. Abu ɗaya nake roƙo, kada a bar wani ya kai ni kogi. Kai za ka kai ni, ka ga inda na shiga da idonka."

Iya ta juya masara a wuta, ta ci gaba. Ta ce uban ya yarda. Yaro ya yi gaba, kada yana bin sa, har bakin kogi. Ya tsaya ya ga yadda ruwa ya karɓe shi, ya ga yadda ya miƙe jelarsa, abin da bai taɓa samun wurin yi ba a rijiya. Ya yi kukansa ya ƙoshi, ya wanke fuska da ruwan kogin, ya koma gida ya ci tuwo.

Nura ya daɗe yana kokawa da tambayarsa kafin ta fito. "Iya, ya s-sake ganinsa?"

"Duk ranar da ya ga dama," in ji ta. "Ai ya san hanya." Sannan ta tura itacen gefe ta ce, "Nan ta tsaya, wutar ma ta gaji."

Na lura Baba ya rage muryar rediyonsa tun tsakiyar labarin. Na ɗauka ya ji. Wataƙila ma ya ji ɗin, amma Baba mutum ne da ba ya iya kallon yaro yana kuka. Washegari muna makaranta ya samo wani direba da ke bin hanyar Zariya, ya ba shi kwalin. Iya ta tafi barkar haihuwa a maƙwabta, ba ta sani ba sai da ta dawo.

Nura ya shigo da gudu ya wuce bayan gida. Ya tarar da kwanon a kife. Baba ya bi shi ya dafa kansa ya ce, "An kai shi gona wurin Kawu Sale, can zai fi jin daɗi." Nura ya gyaɗa kai. Bai yi kuka ba, ya shiga ɗaki ya cire rigar makaranta ya ninke.

Da yamma na ji Iya tana yi wa Baba magana ƙasa-ƙasa. "Kai, me ka yi haka? Ka hana shi kukan yini ɗaya, ka bar masa abin da zai daɗe yana cin sa." Baba ya ce, "Iya, yaro ne, zai manta."

Iya ta yi iya ƙoƙarinta. Sau da yawa takan ce, "Maigidana, shirya ka raka ni Rigachikun mu gano mutuminka." Sai ya girgiza kai. Da ta matsa, sai ya tashi ya bar wurin. Muka ɗauka fushi ne, daga baya muka ɗauka ya manta ɗin, aka daina tayar da zancen. Ya rage zuwa rumfa. In ya zo ma, ya karɓi masararsa ya koma ciki. Ni kaɗai kuma ban isa a yi mini tatsuniya ba, sai hirar ta koma ta mutanen da da farashin kayan miya a Babbar Kasuwa. Ba a daɗe ba ciwon ƙafa ya kwantar da Iya, daga nan har Allah ya karɓi abarsa.

Nura ya girma, in'inar ta ragu da kanta, ya yi karatu ya sami aiki a nesa. Tsakaninsa da Baba babu rashin ladabi ko kaɗan. Yana gaishe shi, yana yi masa hidima, amma ban taɓa ganin sun zauna suna hira su biyu ba. Baba yakan ce, "Nura dai miskili ne," ya yi murmushi, amma na san abin yana damunsa.

Ranar da muke zaman makokin Baba, mutanen Rigachikun suka zo gaisuwa, har da Kawu Sale, ya tsufa yana dogara sanda. Bayan an yi addu'a ya shigo cikin gida gai da Umma, Nura ya rako shi. Ya dubi Nura ya ce, "Kai ne mai karen nan ko? Tikiti. Ai ban taɓa yin kare irinsa ba. Tun da ya zo ba a sake sace mini akuya ba. Sai da ya tsufa haƙoransa suka zube sannan ya mutu a gindin mangwaro. Marigayi duk zuwan da zai yi sai ya tambaye shi, har ƙashi yakan riƙo masa a leda. Kai ne dai ba ka taɓa zuwa ba."

Nura ya tsaya kamar an dasa shi. Bayan an fita ya zauna a bakin gadon Umma ya sunkuyar da kai. Da ya yi magana, in'inar da muka daɗe ba mu ji ba ta dawo.

"Yaya, ni na ɗ-ɗauka kashe shi aka yi. Na ɗauka Baba ya sa an jefa shi a kogi."

Na ce, "Ai kowa ya gaya maka yana Rigachikun. Iya ma ta sha cewa ku je."

Ya ce, "Na ɗauka irin abin da ake gaya wa yara ne. Ina tsoron in je in tarar babu shi, Iya ma ta zama mai yi mini ƙarya."

A ranar ya yi kukan, yana babban mutum mai iyali, ga shi wanda ya kamata ya ji kukan an riga an kai shi makwancinsa.

Ina yarinya na ɗauka tatsuniyar Iya tana koya wa Nura haƙuri ne, cewa ba duk abin da sa'a ta ba ka ne naka ba. Sai da na haifi nawa na gane rabin labarin ba namu ba ne, na mutumin da ke zaune a ƙofar kicin ne. Ba na ganin laifin Baba da ya ƙi kare a gidansa, kuma na san tausayi ne ya sa ya ɓoye wa ɗansa ranar rabuwa. Likitan da ya kawo kwalin ma alheri ya nufa, haka Umma da ta sayi tikiti. Kowa a labarin nan mai kyakkyawar niyya ne, amma yaro ɗaya ya girma yana zaton ubansa ya kashe masa abokin hirarsa, uban kuma ya rayu yana kai wa karen ƙashi a ɓoye, bai taɓa faɗa ba don kada ya tayar masa da tsohon miki. Rigachikun kuwa ba nisa gare ta ba. Mutum zai iya zuwa bayan azahar ya dawo ya sami la'asar a Doka.