Banɗakin da Ya Kalli Gabas

A shekarar da sojoji suka koma bariki aka miƙa wa farar hula mulki, kowa a Gyaɗi-Gyaɗi hirar siyasa yake yi, ni kuwa ba abin da ke kaina sai bulo da siminti. Ɗakin mahaifiyata, Inna, na ƙasa ne a tsohon gidanmu, kuma daminar da ta wuce ta tsaga bangonsa har kana hango hasken waje. Na yi rantsuwa wata damina ba za ta same ta a cikinsa ba. Ina da ɗan fuloti a Daurawa, sai na ƙudura zan yi mata ɗaki da banɗaki da hannuna.

Malamin lissafi ne ni, wannan kuwa shi ya ja mini. Na ɗauka wanda ya iya kusurwa a allo ya iya ta a ƙasa. Kullum aka tashi daga makaranta sai in cire riga in kama cebur, in kwaɓa, in buga bulo, in yi masa ban ruwa. Hannuna da bai san komai ba sai alli ya yi kanta, bayana ya riƙe, abokan aiki suka laƙaba mini injiniyan dole. Ban kula su ba.

Akwai wani dattijo, tsohon magini, da ke zama a dakalin gidan da ke kallon fulotin. Ranar da nake ja igiyar harsashi ya taso ya tsaya a kaina.

"Malam, ka duba gabas kuwa kafin ka kafa turakun nan?"

"Baba, komai a aune yake," na ce, ina kaɗa masa takardar zanena.

"To, madalla. Allah ya taimaka."

Ya koma dakalinsa. A raina na ce tsofaffin nan ba sa son ganin mutum ya yi abu ba da su ba. Ni abin da na auna shi ne inda bututu zai fi kusa da ramin sokawe da ƙazanta ke taruwa, nan na dasa masai na tsuguno, na zuba kankare mai kauri don kada a ce aikin malamin makaranta ne.

Wata biyar ina fama. Da aka ɗora kwano, na yi shafe, na yi daɓe, hadari ya riga ya fara haɗuwa da yamma. Na ɗauko Inna a tasi ta zo ta gani, ina tafe ina jin kaina kamar wanda ya gina bene. Ta shiga ɗakin da bismillah, ta shafa bango, ta tambaye ni ina alƙibla don ta san inda za ta shimfiɗa dardumarta. Na nuna mata. Sannan ta tura ƙofar banɗaki, ta leƙa, ta juyo ta dubi inda na nuna, ta sake leƙawa.

"Kai, zo nan. Wanda ya tsuguna a nan ina yake kallo?"

Na matso na leƙa. Gabas yake kallo, sak.

"Inna, ai a cikin gini ne, malamai sun ce..."

"Riƙe malamanka. Tun ina yarinya nake kallon gabas da goshina a ƙasa, yanzu da tsufana zan kalle ta a kan masai? Mai da ni ɗakina. In ya faɗo a kaina, da ma kwana ya ƙare."

Na mai da ita ina tafasa. Haushinta na ji, na ji haushin dattijon, daga baya na gane haushin kaina nake ji. Ni da ke sallah sau biyar a yini, na tsara gida sukutum ban tuna da alƙibla ba. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, ranar na yarda.

Washegari na je na durƙusa gaban dakalin nan. Dattijon bai yi mini gori ba, dariya kawai ya yi har yana tari.

"Ai na tambaye ka, ka nuna mini takarda. Mu kafin igiya gabas muke nema. Fasa za ka yi, ka juya shi ya kalli kudu. Ga guduma da kurfi, amma ka sani kankaren da ka zuba ba na wasa ba ne."

Gaskiyarsa. Ingancin da nake alfahari da shi shi ya zame mini azaba. Kwana shida ina dukan daɓen nan, tartsatsi yana tashi, kantar hannuna ta fashe tana jini na ɗaure da tsumma na ci gaba. A kwana na huɗu aka yi yayyafi, na ajiye guduma na tsaya ina kallon sama, tsoro ya kama ni sosai, don na san tsagar bangon can ba ta jiran kowa. Yana ɗaukewa na koma. Masan ya fashe wajen cirewa, na sayo wani. Wannan karon sai da na kira dattijon ya tsaya, ya kalli rana, ya gyaɗa kai, sannan na zuba siminti.

Har yau facin yana nan a daɓen, launinsa daban. 'Ya'yana sun sha cewa a shimfiɗa tayil a rufe shi, na hana.

Da ya bushe na koma na ɗauko Inna. Muka iso fulotin. Ta wuce ɗakin kai tsaye zuwa banɗaki, ta shiga ta rufe ƙofa. Ina tsaye a tsakar gida, iska mai ƙamshin ruwa tana kaɗawa, hannuna a naɗe da tsumma. Ta fito, ta dubi hannun, ta daɗe tana dubansa.

"Allah ya yi maka albarka," ta ce. "Tsayuwar me kake yi? Je ka kwaso mini kayana kafin ruwan nan ya sauko."