Marka da Farar Kutama

Duk Kutama babu wanda bai san gabar da ke tsakanin gwaggona Marka da fara ba. Ta samo asali ne a shekarun tsuke bakin aljihu, lokacin da maganin feshi ya gagari talaka. Gwaggo na da wani irin gero mai doguwar zangarniya da ta gada wurin mahaifinta. Geron ya fara ido ke nan fara ta sauka, ta bar mata kara tsaye. Ko na shuka bai tsira ba. Ta yi kuka kamar ranar ne aka binne tsohon.

Daga nan ta ɗaura ɗamara. Da kaka ta kama sai ta tare a bakin gona tana nazarin maƙiyanta: wadda ke kwana a kara, wadda ke binne ƙwai a ƙasa, da farar tumfafiya da ba a ci. Ta gane raɓar safiya na jiƙa musu fiffike, sai ta riƙa sammako da buhu. Ta fige, ta soya, ta barbaɗe da yaji. Ni dai ban taɓa ganin mai juya kasko da mugun murmushi irin nata ba.

Da Shari'a ta zo Kano, maƙwabcinta Malam Sajo ya tsokane ta: "Marka, a yi haƙuri mana, rundunar Allah ce."

Ta ce, "Allah gafarta Malam, ita ta fara ci. Ƙisasi nake yi."

Ana nan sai 'yarta Raliya, da ke aure a Gammo, ta ga zangarniyar kakanta a rumbun wata tsohuwa. Ashe marigayin ya taɓa ba su iri. Ta ƙullo tafi guda a bakin zane ta kawo. Gwaggo ta shuka a bayan gida, ta hana kowa fesawa, wai guba za ta ɓata mata naman fara. Da hannu ta tsare shi har ya nuna.

Ranar da ta yanke zangarniyar farko ina wurin. Ta zaɓo soyayyiyar fara mai ƙiba, ta ɗora a kai, ta zuba mata ido.

"To, ga shi nan ya dawo. Ci mana!"

Sai ta jefa ta baki ta tauna a hankali, hawaye na bin kumatunta.